Guɗar da Liatu Ta Ajiye wa Auta

A Unguwar Korau, can gabas da Ƙarfi, in amarya za ta fita daga gidan ubanta ba macen da ke buɗe baki sai Liatu ta fara. Ba wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka. Kawai dai duk wadda ta ji guɗar Liatu, in ta zo yin tata sai ta ji kamar tari take yi. Takan kama hanci da 'yan yatsu biyu, ta ɗaga haɓa, ta cika kumatu, sai ka ji abu ya tashi siriri yana rawa, har masu aiki a fadama su ɗago kai su ce an fitar da 'yar wani. Gidan Kirista da na Musulmi duk ɗaya ne a wurinta. Ta yi wa 'yar fasto, ta yi wa 'yar liman, ta yi wa 'yan matan da ita ce ta rangaɗa musu ta ranar suna.

Ita ba wata kyakkyawa ba ce, kuma ta fi kowa sani. Gajera ce mai faɗin ƙirji, ga baki, ba a ja da ita a ci riba. Kakanninta Maguzawa ne, ubanta ne ya fara shiga coci zamanin 'yan mishan, amma akwai abubuwa biyu na ɗakin kakarta da baftisma ba ta wanke ba. Na farko, ba ta ɗaukar kaya a ka. A kafaɗar dama take ɗorawa, ko tulu ne, ko itace, ko damin dawa, ko buhun auduga, tun tana yarinya har ta yi jikoki. Na biyu kuwa garin taba ne da ɗan kanwa, wanda take cusawa a kuncin hagu. Ciwon haƙori ne ya sa kakar ta koya mata, haƙorin ya faɗi tun tuni, tabar ta zauna. Fastoci nawa aka yi a ƙauyen, kowanne ya yi wa'azi a kan taba yana satar kallonta, ita kuwa tana zaune a layin zumuntar mata da tulun kiɗanta a cinya, tana gyaɗa kai kamar da wata ake.

Mijinta Monday ya rasu da daɗewa. 'Ya'yanta maza sun watse, wannan yana Kaduna, wancan yana Legas, sai a waya ake jinsu. Wadda ta rage a gabanta ita ce autarta Angela, mace ɗaya tilo, tela ce mai shago a Malumfashi, kullum tana hawa babur ta je ta dawo. Tun yarinyar na rarrafe Liatu ke da wata magana da take yi a kowane biki. In ta gama guɗa mata suka hau yaba ta, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ɗanɗano ne. Ta gasken na ajiye wa Auta." Tun ana dariya har maganar ta zama alkawari, ƙauye duka ya sani, ita ma Angela ta girma da sanin cewa akwai wata guɗa da ba a taɓa ji ba, tata ce.

A shekarar da Abraham, wani malamin makaranta daga wajen Maska, ya aiko neman auren Angela, a shekarar ne wani ɗan gyambo ya fito wa Liatu a cikin kunci, daidai inda tabar ke zama. Ta ce haƙori ne ya cije ta. Ta kurkure da ruwan bagaruwa, ta sayi ƙwayoyi a kemis, ta koma tauna a ɗaya gefen. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san abin da za a fara cewa, taba. Rani ya wuce, aka yi shuka, aka yi noman farko, gyambon yana ci ta ciki. Sai da ya ɓullo ta waje, wata safiya tana shan koko Angela ta ga kokon yana tsattsafowa ta fatar kuncin uwarta, sannan asiri ya tonu. A Malumfashi aka duba aka tura su babban asibiti a Zariya. Can aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne.

Likitan da ya karɓe ta sunansa Mus'ab, siriri ne, da ganinsa bai kai ɗanta na biyu a shekaru ba. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausa tsantsa. Ya ce dole a cire kuncin kusan duka, ciki da waje, kuma in aka cire za a bar rami wanda ba zai haɗe da kansa ba. Don haka zai yanko fata mai tsawo daga kan kafaɗarta, amma ba zai raba ta da jiki gaba ɗaya ba, zai bar ta manne da jijiyar da ke ba ta jini a gindin wuya. Sai ya juyo da ita sama, ya ninka, rabi ya zama cikin baki rabi ya zama waje.

Liatu ta kalle shi sheƙeƙe. "Wato faci za ka yi mini, Likita, kamar tayar keke."

"Kusan haka, Mama. Sai dai wannan facin mai rai ne, yana ci yana sha ta wannan jijiya."

Ya sa ta zame rigarta. Ya taɓa kafaɗar dama, ya ji ta kamar ƙirgi, baƙa, duk kanta da tsofaffin tabo. Ya taɓa ta hagu, ya ji ta da laushi kamar ta budurwa, don ba ta taɓa ɗaukar ko ƙwarya ba. Ya ce an yi sa'a, mai kyan ce ke gefen ciwon. Liatu ta ce to, ashe ita ma ragguwar akwai ranarta. Daga nan ta yi masa tambayar da ke cinta tun daga gida, ko za ta iya guɗa bayan aikin. Ya tambayi Angela abin da ya sa, ta faɗa masa tana sunkuyar da kai. Ya ce ba zai yi alkawari ba, amma in facin ya kama, iska ba za ta gudu ba, sauran kuma tsakaninta da harshenta.

An yi aikin masara na bunƙasa, kuma ya yi kyau. Ranar sallama likitan ya jera musu sharuɗɗa, ita da Angela suna zaune. Kada ta kwanta ta gefen. Kada ta ɗaura wani abu mai matse wuya. Kada a shafa man kaɗanya ko wani ƙullin magani. Kuma kada abu mai zafi ya taɓa wurin, don sabuwar fatar ba ta da ji, ko ta ƙone ba za ta sani ba. Kumburin kuma, in ji shi, zai ɗauki watanni kafin ya saɓe, sai haƙuri. Liatu ta ji duka. Ba wanda zai ce ba a faɗa mata ba.

Ta dawo gida da wani abu a fuska kamar an manna mata malmalar tuwo. Fatar ta fi ta fuskarta haske, ga ɗinki ya zagaye ta, ga kumburin ya ja mata baki gefe guda. Amma koko ya daina zuba. Tana cin tuwo da miyar kuka a kwano ɗaya da 'yarta. Wata rana da hantsi, gida ba kowa, ta zagaya bayan rumbu ta kama hanci ta gwada. Abin da ya fito gajere ne, a shaƙe, kamar na ƙaramin zakara mai koyon cara, amma dai guɗa ce. Ta jingina da rumbun ta yi kuka don murna. Sai kuma ta shafa kumburin, ta san shi ne ya tokare mata harshe, shi ne ya hana abin tashi. An riga an sa rana, makon Kirsimeti. Ga kaka ta shigo, ana ta yankan dawa, kumburi kuwa yana nan jiya i yau.

A nan ne tunaninta ya koma kan Hansai. Danga ɗaya ce ta raba gidajensu. Hansai Musulma ce, ungozoma, ta girmi Liatu da 'yan shekaru, kuma ita ta yi mata wankan jego a duk haihuwarta. A ƙauyen nan ba kumburin da ya taɓa gagarar hannun Hansai. Targaɗe ne, ƙurji ne, nonon mai jego ne ya sanƙare, za ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta tsoma tsumma, ta gasa wurin har ya saki. Liatu ta kwanta tana lissafi. Wannan yaron likita ya iya wuƙa da allura, ba ta musa ba, amma me ya sani a kan kumburi? Gashi ba magani ba ne da za a ce an shafa, ruwa ne kawai. Ya ce fatar ba ta da ji, to taɓi ne ba ta ji, zafi ai ba ya ɓuya. In ya yi yawa sai ta ce a dakata.

Ta jira ranar da Angela ta tafi Funtua da gwaggwanninta sayen kayan ɗaki. Babur ɗinsu na ɓacewa ta leƙa ta kan danga.

"Yaya Hansai, zo ki taimake ni da hannun nan naki."

Hansai ta zo ta duba kuncin, ta ɗan ja baya. "Anya, Liatu? Aikin asibiti ne fa. Ba su hana ba?"

"Shafe-shafe suka hana," in ji Liatu, ba ta ko ƙifta ido ba. "Ki dube ni, Yaya. Haka zan tsaya a bikin Auta, baki a karkace kamar an mare ni?"

Ita Hansai ba ta da wani abin auna zafi sai bakin wadda take gasawa. Hannunta ya daɗe da mutuwa, shekara da shekaru tana tsoma shi a tafasasshen ruwa, har garwashi takan ɗauka da yatsu ta mayar murhu. Ƙa'idarta ɗaya ce, ta danna tsumma, in mace ta yi ƙara ta zabura, to ruwa ya yi daidai, sai ta ɗan sassauta. In mace ta yi shiru, ruwa bai yi ba. Kuma a duk matan da ta taɓa yi wa jego ba mai raki irin Liatu. Tun kafin ganye ya taɓa ta take ihu, tana zagin Hansai, tana zagin Monday da ya ja mata, har maƙwabta su riƙa dariya.

Suka zauna a inuwar ɗaki, daro a tsakaninsu yana tururi. Hansai ta matse tsumma ta ɗora. Liatu ba ta motsa ba.

"Kin ji?"

"Ko kaɗan."

"To ruwan ya huce." Hansai ta tashi ta ƙaro daga tukunyar da ke kan wuta. Ta sake ɗorawa, ta danna, ta riƙe. Liatu tana jin ɗumi a kunne da gefen hanci, tana jin tururi a ido, amma a kuncin kamar bango ake gasawa. Har daɗi ta ji, ta ce a ranta ashe abin ba wuya.

"Yau kuma ke ce da dauriya?" in ji Hansai tana dariya. "Tsufa ya yi miki rana."

"Ƙara dai, Yaya. So nake ya saɓe yau."

Ta ƙara. A karo na ƙarshe ba ta ma juye a daro ba, cikin tukunyar ta tsoma tsumman. Da ta ɗaga, sai ta ga fatar ta yi fari fat kamar naman da aka tafasa, gefe guda ya taso da ruwa. Dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana gasa jikin mutane, ta san kamar wurin da ya gasu, ta kuma san kamar wurin da ya dahu. Ta ajiye tsumman a hankali ta ce, "Innalillahi. Liatu, me kika sa na yi?"

Da yamma Angela ta dawo da kwanuka da labule, tana ta zuba labarin kasuwa, sai ta kalli fuskar uwarta. Ta ga daro, ta ga ganyen darbejiya a zube bayan ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a ƙasa cikin kayan aurenta ta ce, "Mama, ai ya faɗa miki. A gabana ya faɗa miki."

Kafin su koma Zariya wurin ya yi baƙi ya fara wari. Likita Mus'ab ya buɗe, ya daɗe yana kallo, bai tambayi wanda ya yi ba. Ya yanke abin da ya mutu, kuma kusan duka ne. Ramin da ya rage ya fi na farko, ana hango haƙora ta cikinsa. Da ta farfaɗo ta samu bakin magana, Liatu ta zame rigarta ta miƙa masa kafaɗar dama.

"Ga wata, Likita. Ɗauki wannan. Ba zan ƙara ba."

Ya girgiza kai. Ya ce ta yi nisa da wurin, kuma fatar ta yi kanta, ba za ta lanƙwasu ba, ba za ta kama ba. Kafaɗar da ta ciyar da gida, ta biya wa yara makaranta, yau an neme ta ba ta da amfani. Ya ce akwai naman ƙirji, ana iya jawo shi, amma babban aiki ne, sai ta yi ƙiba ta yi ƙarfi. Yana cikin maganar yana lalubar ƙarƙashin muƙamuƙinta, sai yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake dannawa. Liatu ta ga yadda ya kalli Angela, ta kuwa gane. Wani ƙulli ne ya fito, mai tauri, ba ya motsi. Ya ce yanzu maganar faci sai a ajiye ta tukuna, a fara da allurai da ƙarin ruwa na yaƙar ciwon.

An ce ta yi ƙiba, da wane bakin? Duk abin da ta sa, rabi ya zubo ta kunci. Ta koma karkata kai dama tana ɗura kunu da ƙaramin cokali, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Ta ɗaure fuska da ƙyalle, in ya jiƙe ta canja wani. Ta daina zuwa zumuntar mata, ta aika musu da tulun kiɗan ta ce a ba wata. Matan suka zo gaishe ta, suka yi addu'a, suka yi waƙa a tsakar gida, tana jin yadda suke numfashi ta baki saboda warin. Ba ta ji haushinsu ba. Haushin kanta take ji, irin wanda ba ya barin mutum ya yi barci ko ya yi addu'a. Da ciwon ne ya ci kuncin, da ta ce ƙaddara. Amma an ba ta kunci sabo, ya kama, ta ci tuwo da shi, ita da kanta ta kira a dafa shi.

Hansai kuwa ba ta ƙara shigowa ba. Kowace safiya dai za a tarar da kwanon kunun gyaɗa a tace, marar gudaji, an ajiye a gindin danga. Ta daina gashi gaba ɗaya. In mai jego ta aiko, sai ta ce a nemi wata, hannunta ya lalace. Liatu ta so ta leƙa ta ce mata ba laifinta ba ne, ƙarya aka yi mata, amma maganarta yanzu ba ta fita sosai, kuma kunya ta fi ƙarfinta.

Angela ta ce a ɗaga bikin. Abraham ma ya yarda. Liatu ce ta ƙi. Ta kama hannun 'yarta ta ɗora a kan ƙullin da ke wuyanta, wanda ya riga ya kai ƙwan zabuwa, ta ce, "A ɗaga zuwa yaushe, Auta?"

An ɗaura aure a coci da safe, ba ta je ba. Da la'asar aka kawo motar ɗaukar amarya ƙofar gida. Liatu tana ɗaki tana jin komai, kiɗa, hayaniyar yara, gwaggwanni suna yi wa amarya nasiha. Sai aka fito da Angela a lulluɓe, aka kawo ta bakin zaure, sai wurin ya yi tsit. Mata sun fi hamsin a tsakar gidan, kowacce ta iya guɗa, ba wadda ta buɗe baki. Tsofaffin sun saba jira, yaran kuma sun ji alkawarin tun suna goye. Amaryar ma ta ja ta tsaya, ta ɗan juya kai wajen ɗakin uwarta.

Liatu ta fito tana dafa bango. Ta rame har zane na zamewa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kama hanci da hannun dama. Ta nemi ɗaga na hagu ta toshe kuncin, hannun ya ƙi kaiwa, tun da aka yanki kafaɗar bai ƙara ɗaguwa sosai ba, yanzu kuma ba ƙarfi. Tana ta kokawa da shi a gaban jama'a, sai ta ji wani tafi mai kaushi ya rufe mata wurin ta kan ƙyallen. Hansai ce, ta ratso ta cikin mata ba wanda ya lura.

Liatu ta ɗaga haɓa. Ta ja numfashi har haƙarƙarinta ya bayyana, ta saki. Iskar ta bi ta tsakanin yatsun Hansai ta fice, fuuu, kamar an huda taya. Ta sake ja, ta sake saki. Ƙyallen ya jiƙe, wani abu ja-ja ya gangaro ta wuyan hannun Hansai. A karo na uku ko iskar ba ta samu ba.

Ta saki hancin. Ta kalli Hansai, ta ce da abin da ya rage mata na murya, "Yaya, yi mata."

Hansai ta buɗe baki, kuka ne ya fito. Gwaggwannin suka kama amarya suka sa ta a mota, don rana ta yi ƙasa kuma hanyar Maska ba ta biyuwa da duhu. Motar ta tashi, ta bi ta gefen gonar da aka yanke dawa, ta sha kwana. Sai da ƙararta ta ɓace sannan matan suka farga cewa ba wadda ta yi.

Liatu na nan da rai har yanzu, a ɗakin nan mai kallon rumbu. Hansai ce ke wanke mata ƙyallaye, da ruwan sanyi. An yi bukukuwa a ƙauyen bayan wannan, wata yarinya Tasalla ce ke fara guɗa yanzu, ba laifi, tana ƙoƙari. Angela takan zo duk ƙarshen mako ta zauna kusa da uwarta, ta yi mata labarin ɗinki da na gidan miji. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma a Unguwar Korau kowa ya san cewa tun da aka kafa ƙauyen, amarya ɗaya ce ta fita daga gidan ubanta ba guɗa, ita ce 'yar Liatu.